Maguɗin shata mazaɓu a Amurka: yadda ake cin zaɓe tun ba a buɗe rumfa ba

A farkon watan Agustan 2025, 'yan majalisar dokokin jihar Texas na jam'iyyar Democrat fiye da 50 suka tattara ya-nasu-ya-nasu suka bar jihar, akasarinsu zuwa Illinois. Dokar majalisar ta ce sai mutum 100 cikin 150 sun hallara kafin a zauna, don haka ficewarsu ta tsayar da komai na kusan mako biyu. Abin da ya kore su taswirar mazaɓu ce, wadda shugaba Donald Trump ya nemi a sake zanawa don jam'iyyar Republican ta ƙara kujeru biyar a majalisar wakilai ta tarayya. Da suka dawo aka amince da ita, gwamna Greg Abbott ya sa hannu kafin watan ya ƙare. A ranar 4 ga Nuwamba kuma masu zaɓe a Kalifoniya suka jingine taswirar da hukumarsu mai zaman kanta ta zana, suka karɓi wadda 'yan Democrat suka tsara don su ma su kwashi kujeru biyar.

Abin da ke ɗaure wa mai bin labarin kai shi ne, ba a sace akwati ba, ba a ƙara ko sifili a takardar sakamako ba, kuma kotunan tarayya sun ce son kai na jam'iyya wajen zana taswira ba huruminsu ba ne. Duk da haka an riga an san wanda zai ci yawancin kujerun.

## Wa ke riƙe da alƙalamin

Majalisar wakilan Amurka na da kujeru 435. Duk shekara 10 ana ƙidaya, a raba kujerun ga jihohi 50 gwargwadon yawan jama'a. Bayan ƙidayar 2020 Kalifoniya ta samu 52, Texas 38, jihohi shida kuma irin su Wyoming da Vermont kujera ɗai-ɗai. Kowace mazaɓa na ɗauke da mutum kusan 761,000, tana fitar da wakili ɗaya, kuma a yawancin jihohi wanda ya fi ƙuri'a ya ci ko da tazarar ƙuri'a ɗaya ce.

Bayan rabon kujeru sai a zo kan shata iyaka: wace unguwa za ta faɗa wace mazaɓa. A Najeriya kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wannan aiki a kan hukumar zaɓe ta INEC, majalisar tarayya kuma ta amince da sauyin. A Amurka babu hukumar zaɓe ta ƙasa mai wannan iko. A yawancin jihohi majalisar dokokin jiha ce ke zana taswirar mazaɓun tarayya da na kujerunta ita kanta, ta zartar da ita kamar kowace doka. Jam'iyyar da ke da rinjaye a majalisun jiha biyu da kujerar gwamna a shekarar shatawa ba ta bukatar izinin kowa. A North Carolina ma gwamna ba shi da ikon hawa kujerar na-ƙi a kan taswira.

Karkata iyakokin don amfanin wani ɓangare shi Amurkawa ke kira jerimanda, daga sunan Elbridge Gerry, gwamnan Massachusetts da ya sa hannu a kan irin wannan taswira a 1812. Iri uku ne: na jam'iyya, na launin fata, da wanda jam'iyyun biyu ke haɗa baki su yi don kare waɗanda ke kan kujera. Doka ba ta kallonsu da ido ɗaya, kuma a nan yawancin rikicin yake.

## Lissafin cusawa da tarwatsawa

Dabarun biyu ne kacal. A ɗauki jiha mai masu zaɓe 500,000 da mazaɓu biyar, kowace da mutum 100,000. Jam'iyyar A na da magoya baya 300,000, jam'iyyar B na da 200,000.

Idan A ke zana taswira, sai ta tarwatsa mutanen B daidai wa daida, kowace mazaɓa ta zama 60,000 da 40,000. A ta cinye biyar ɗin duka, masu kashi 40 cikin 100 su tashi a tutar babu.

Idan alƙalamin na hannun B, sai ta cusa magoya bayan A a mazaɓu biyu, kowace da 90,000 na A da 10,000 na B. Wannan ya cinye wa A mutum 180,000. Ragowar 120,000 sai a watsa su cikin mazaɓu uku, 40,000 a kowace, inda B ke da 60,000. Sakamako: B uku, A biyu. Marasa rinjaye sun zama masu rinjaye, kuma kowace mazaɓa mutum 100,000 ne cif, babu wanda zai ce an tauye adadi.

Masana biyu, Nicholas Stephanopoulos da Eric McGhee, sun fito da ma'aunin wannan ta hanyar ƙirga ƙuri'un da suka tafi a banza, wato duk ƙuri'ar da aka jefa wa wanda ya faɗi, da duk wadda ta haura abin da mai nasara ke bukata. A taswirar B ta sama, A ta yi asarar kusan 80,000 a mazaɓun da ta ci da rarar da ba ta bukata, da 120,000 a inda ta faɗi, jimilla 200,000. B ta yi asarar 50,000 kawai. Bambancin 150,000 ne, kashi 30 cikin 100 na duk ƙuri'un. A wata shari'a kan taswirar jihar Wisconsin masu ƙara sun nemi kotu ta ɗauki duk abin da ya haura kashi 7 a matsayin alamar maguɗi.

A aikace mai zana taswira yana zaune ne gaban kwamfuta da manhaja irin Maptitude. Yana da sakamakon zaɓukan baya rumfa-rumfa, da rajistar masu zaɓe wadda a jihohi da yawa ke nuna jam'iyyar mutum, da bayanan ƙidaya har zuwa matakin 'yan layuka. Yana matsar da layi ɗaya, manhajar ta nuna masa nan take yadda mazaɓar za ta kaɗa. Akwai ƙananan dabaru kuma: a haɗa gidajen wakilan adawa biyu a mazaɓa ɗaya don ɗaya ya kayar da ɗaya, ko a yanke gidan wakili daga yankin da aka san shi.

Gwanintar tana wajen tazara. Mai zanen ba ya son ɗan takararsa ya ci da kashi 80, don ɓarnar ƙuri'a ce. Ya fi son kashi 55 zuwa 60 a mazaɓu da yawa. Idan kwaɗayi ya sa ya sirantar da tazarar ta koma 52 ko 53, shekarar da iska ta juya wa jam'iyyar baya sai kujerun su zube tare. Wannan ne ya sa wasu wakilai masu ci ke adawa da sabuwar taswirar jam'iyyarsu: ƙarin kujerar da ake nema daga cikin magoya bayansu za a yanko ta.

## Abin da ya faru bayan 2010

Dabarar tsohuwa ce, amma 2010 ta sauya girmanta. Wani kwamitin jam'iyyar Republican ya ƙaddamar da shiri mai suna REDMAP, ya kashe kusan dala miliyan 30 a zaɓukan majalisun jihohi, waɗanda ba su cika jan hankali ba kuma ba su da tsada. Manufar ita ce a riƙe majalisun a 2011, shekarar shatawa. Jam'iyyar ta ƙwace kujerun majalisun jihohi kusan 700, ta zana taswira a Pennsylvania, Ohio, Michigan, Wisconsin da North Carolina.

A zaɓen 2012 'yan takarar Democrat na majalisar wakilai sun fi na Republican ƙuri'a da kusan miliyan 1.4 a faɗin ƙasa, amma Republican ta samu kujeru 234, Democrat 201. A Pennsylvania Democrat ta ɗan fi yawan ƙuri'a, ta tashi da kujeru 5 cikin 18. A Wisconsin a 2018 ta samu kusan kashi 53 na ƙuri'un majalisar dokokin jiha, ta tashi da 36 cikin 99, ko da yake a nan akwai mazaɓu da dama da Republican ba ta tsayar da kowa ba, wanda ya kumbura jimillar Democrat. A North Carolina a 2016, ɗan majalisar da ya jagoranci aikin, David Lewis, ya faɗa a bainar jama'a cewa ya tsara taswirar kujeru 10 na Republican da 3 na Democrat ne saboda bai ga hanyar zana ta 11 da 2 ba.

Democrat na yin haka inda ta samu dama. A Maryland a 2011 ta sake fasalin mazaɓa ta shida, rabon ya koma 7 da 1, kuma tsohon gwamna Martin O'Malley ya amsa a ƙarƙashin rantsuwa cewa niyyar ke nan. A Illinois taswirar 2021 ta ba ta 14 cikin 17. Bambancin da aka gani a shekarun 2010 na yawan jihohin da kowace ke riƙe da alƙalami ne.

## Iyakar da kotu ta ja wa kanta

A farkon shekarun 1960 kotun ƙolin Amurka ta kafa ƙa'idar cewa mazaɓu su yi daidai a yawan jama'a. Dokar 'yancin zaɓe ta 1965 kuma ta haramta taswirar da ke raunana ƙuri'ar baƙar fata da sauran tsiraru. Waɗannan biyun kotunan tarayya sun daɗe suna sauraron ƙara a kansu.

Na jam'iyya ne ya gagara. A watan Yunin 2019, a shari'ar Rucho, wadda ta haɗa ƙarar North Carolina da ta Maryland, alƙalai biyar cikin tara suka yanke cewa kotunan tarayya ba za su shiga ba. Alƙalin alƙalai John Roberts ya yarda cewa maguɗin da ya wuce gona da iri bai dace da dimokuraɗiyya ba. Hujjarsa ita ce kundin tsarin mulki bai ba alƙali ma'aunin da zai ce nan ne son kai ya yi yawa ba, don haka maganin na hannun jihohi da majalisar tarayya. Mai shari'a Elena Kagan, a madadin huɗun da suka saɓa, ta ce ma'aunin na nan: kwamfuta na iya zana dubban taswirori bisa ƙa'idojin jihar ba tare da duba jam'iyya ba, a kwatanta, a ga ko wadda aka zartar ta fita daban.

Hukuncin ya haifar da abu biyu. Na farko, tunda a kudancin ƙasar yawancin baƙar fata Democrat suke zaɓa, majalisar da aka zarga da wariyar launi kan kare kanta da cewa jam'iyya ta duba, ba fata ba. A 2023 kotun ƙoli ta tilasta wa Alabama ƙirƙiro mazaɓa ta biyu da baƙar fata za su iya fitar da wanda suke so, amma a 2024 ta karɓi hujjar jam'iyya daga South Carolina.

Na biyu, faɗan ya koma kotunan ƙolin jihohi, waɗanda a wurare da yawa zaɓen alƙalansu ake yi. Ta Pennsylvania ta soke taswira a 2018, rabon ya koma 9 da 9. Ta North Carolina ta yi haka a 2022, aka tashi 7 da 7. A zaɓen 2022 ɗin Republican ta samu rinjaye a kotun, sababbin alƙalan suka warware hukuncin a 2023, zaɓen 2024 ya ba Republican 10, Democrat 4. Jama'ar jihar ba su sauya ra'ayi haka cikin shekara biyu ba. A Wisconsin akasin haka aka yi: zaɓen alƙaliya ɗaya a 2023 ya juya kotun, aka sake taswira, kujerun Republican a majalisar dokoki suka sauko zuwa 54 cikin 99.

## Hukumomi masu zaman kansu: inda suka yi aiki da inda suka cije

Gyaran da aka fi gwadawa shi ne a ƙwace alƙalamin daga majalisa a ba wata hukuma, kamar yadda Birtaniya da Kanada suka daɗe suna yi. A Amurka kusan duk inda aka yi haka da gaske ta ƙuri'ar raba gardama aka yi, domin ba kasafai majalisa ke sakin wannan iko da kanta ba. Arizona ta fara a 2000, Kalifoniya a 2008 da 2010, Michigan da Colorado a 2018.

Tsarin Kalifoniya ya nuna yawan shingen da ake bukata. Mai rajistar zaɓe da ya cika wasu sharuɗɗa zai iya nema, ban da wanda a shekaru 10 da suka wuce ya riƙe muƙamin siyasa na jiha ko tarayya, ko ya yi aikin kamun ƙafa a majalisa, ko ya ba ɗan takara gudunmawa mai yawa. A zagayen 2020 mutum fiye da 20,000 suka nema. Masu binciken kuɗi uku na gwamnatin jiha ke tace su zuwa 60: Democrat 20, Republican 20, 'yan ba-ruwanmu 20. Shugabannin majalisa na da damar soke suna har 24. Daga ragowar a fitar da takwas ta hanyar canki-canka, su kuma su zaɓo shida, a samu 14: biyar, biyar da huɗu. Taswira ba ta wucewa sai da ƙuri'a tara, uku daga kowane rukuni. Idan sun kasa, kotun ƙolin jiha ta naɗa ƙwararru su zana.

Michigan ta bi kusan wannan hanya da mutum 13, huɗu daga kowace jam'iyya da 'yan ba-ruwanmu biyar, bayan 'yan sa-kai sun tara sa hannu fiye da 400,000 kuma kashi 61 na masu zaɓe sun amince. Sakamakon ya riƙa bin ra'ayin jama'a. A 2022 Democrat ta karɓi majalisun jihar biyu, karo na farko cikin kusan shekara 40, a 2024 Republican ta ƙwace ta wakilai. Kujerun tarayya 13 sun tashi Democrat 7, Republican 6, sannan suka juya 6 da 7. Amma hukumar ta yi tuntuɓe: a ƙarshen 2023 kotun tarayya ta ce ta dogara da launin fata fiye da kima wajen zana mazaɓu 13 na yankin Detroit, ta umarci a sake su.

Inda aka gaza, kusan kullum saboda ɗayan abu uku ne.

Ko dai an raba kujerun hukumar daidai tsakanin jam'iyyu babu mai raba gardama. Ta Virginia mai mutum 16, rabinsu 'yan majalisa, ta watse a 2021 ba ta fitar da taswira ko ɗaya ba, sai kotu ta zana. Ta New York mai mutum 10 ta rabu biyar da biyar, majalisar da Democrat ke riƙe da ita ta zana tata, babbar kotun jihar ta soke a 2022. Mai raba gardama ɗaya tak ma yana da nasa haɗarin: a Arizona, inda mutum biyar ne, gwamna Jan Brewer ta tsige shugabar hukumar a 2011, sai da kotu ta mayar da ita.

Ko kuma an ba kura ajiyar nama. Hukumar Ohio mutum bakwai ce, wato gwamna da sakataren jiha da babban mai binciken kuɗi na jiha, sauran huɗun kuma shugabannin majalisa ke naɗa su. A 2022 kotun ƙolin jihar ta yi watsi da taswirar majalisar dokoki har sau biyar, amma dokar ba ta ba ta ikon zana tata ba. Hukumar ta yi ta jan ƙafa har lokaci ya ƙure, aka yi zaɓe da ɗaya daga cikin taswirorin da aka soke. A 2024 aka kawo shawarar kafa hukumar talakawa zalla, masu zaɓe kusan kashi 54 suka ƙi. Masu goyon bayanta sun ɗora laifin a kan bayanin da aka buga a takardar ƙuri'a, wanda ya ce za a wajabta wa sabuwar hukumar yin jerimanda. Masu adawa sun ce bayanin gaskiya ne, tunda shawarar ta bukaci a daidaita kujeru da ƙarfin jam'iyyu.

Ko kuma gyaran doka ce ta yau da kullum da majalisa ke iya taɓawa. Masu zaɓen Utah sun kafa hukuma a 2018, majalisa ta mayar da ita mai ba da shawara kawai a 2020, ta raba gundumar Salt Lake gida huɗu. Sai a 2025 kotu ta soke taswirar.

Iowa ta bi wata hanya tun 1980: ma'aikatan majalisa da ba na jam'iyya ba ke zanawa, an hana su duba sakamakon zaɓe ko adireshin wakilai, majalisa kuma ta karɓa ko ta ƙi ba tare da gyara ba a zagaye biyu na farko. Tsarin ya dore, amma ya dogara ne da kunyar 'yan majalisar, don a zagaye na uku doka ta ba su damar sa hannu.

## Hujjojin ɓangarorin

Masu son majalisa ta ci gaba da zanawa na cewa ɗan majalisa zaɓaɓɓe ne, ana iya kayar da shi, ɗan hukuma kuwa ba wanda ya zaɓe shi, kuma babu ɗan ba-ruwanmu na gaskiya. Suna nuna Kalifoniya, inda a ƙarƙashin taswirar hukuma Democrat ta samu kusan kashi 60 na ƙuri'u a 2024 amma ta kwashi kujeru 43 cikin 52. Masu son gyara na amsawa da cewa ba a kayar da wanda ya zaɓi masu zaɓensa da hannunsa, kuma tsarin wakili ɗaya a mazaɓa kan kumbura rabon mai rinjaye ko wa ya yi zanen.

Wannan batu na ƙarshe gaskiya ne, kuma yana rage wa kowane ɓangare ƙarfi. Magoya bayan Democrat sun cunkushe a manyan birane, inda suke cin kashi 80 ko fiye, na Republican kuma sun bazu a karkara da gefen gari. Binciken Jowei Chen da Jonathan Rodden ya nuna cewa a jihohi da dama ko kwamfutar da ba ta san jam'iyya ba ce ta zana, Republican kan samu fifiko. A Massachusetts abin ya juya: kusan kashi ɗaya cikin uku na zaɓar Republican, amma sun bazu ko'ina daidai, kujeru tara duk na Democrat ne.

Sannan ƙa'idojin adalcin kansu na karo da juna. Ana son mazaɓa ta zama dunƙulalliya, ana son kada a raba gari ko gunduma, ana son tsiraru su samu wakilci, ana son takara ta yi zafi, ana son kujeru su yi daidai da ƙuri'u. Don a samu takara mai zafi sau da yawa sai an yanko tsakiyar birni an haɗa da ƙauye mai nisa, wanda ya karya ƙa'ida ta farko da ta biyu. Mazaɓa mai siffar ban dariya ba lallai maguɗi ba ce, mai kyan siffa kuma na iya zama maguɗi tsantsa. Shi ya sa dokar da ta jera ƙa'idojin bisa fifiko, kamar ta Kalifoniya da Michigan, ta fi sauƙin karewa a kotu.

## Dalilin da 2025 ta girgiza gyaran

Babu dokar tarayya da ta hana sake taswira a tsakiyar shekaru goman. Texas ta yi a 2003, kotun ƙoli ta bari a 2006. Abin da ya hana yawaitar hakan al'ada ce. Bayan zaɓen 2024 majalisar wakilai ta tsaya Republican 220, Democrat 215, wato kujeru uku sun isa su juya rinjaye, sai al'adar ta karye. Missouri da North Carolina suka bi sahun Texas. Wata kotun tarayya ta dakatar da taswirar Texas a Nuwamba bisa zargin launin fata, kotun ƙoli ta ɗage dakatarwar a Disamba. A Indiana kuwa majalisar dattawan jihar, duk da rinjayen Republican, ta ƙi amincewa da sabuwar taswira.

A nan raunin gyara jiha-jiha ya fito. Majalisar wakilai ɗaya ce ga ƙasa duka, don haka jam'iyyar da ta ɗaure hannunta a jihohinta alhali abokiyar hamayya ba ta ɗaure ba, asara take yi. Da wannan hujja gwamna Gavin Newsom ya nemi ƙuri'ar Kalifoniya, kusan kashi 64 suka amince, da sharaɗin taswirar ta yi zaɓukan 2026, 2028 da 2030 sannan iko ya koma hannun hukuma. Masu adawa, ciki har da tsohon gwamna Arnold Schwarzenegger wanda ya yi fafutukar kafa hukumar, sun ce abin da aka jingine sau ɗaya za a iya sake jinginewa.

Kundin tsarin mulki ya ba majalisar tarayya ikon kafa ƙa'ida ɗaya ga mazaɓunta. Majalisar wakilai ta zartar da ƙudurin tilasta hukumomi a 2019 da 2021, amma a majalisar dattawa ana bukatar ƙuri'a 60 cikin 100 don rufe muhawara, ƙoƙarin ya mutu a Janairun 2022. Wasu masana na ganin a bar batun layi gaba ɗaya, a yi manyan mazaɓu masu wakilai uku zuwa biyar a raba su gwargwadon ƙuri'a. Wannan sai an soke dokar 1967 da ta wajabta wakili ɗaya a kowace mazaɓa.

## Abin da ya rage wa mai ƙuri'a

A taswirar North Carolina ta 2016, layin da ya raba mazaɓa ta 6 da ta 13 ya ratsa ta tsakiyar harabar jami'ar A&T da ke Greensboro, mafi girma cikin jami'o'in baƙar fata na ƙasar. Ɗalibin da ya sauya ɗakin kwana daga wannan gefe zuwa wancan ya sauya wakili, kuma duka wakilan biyu 'yan Republican ne. A Tennessee an raba Nashville gida uku a 2022, birnin da ya daɗe yana da wakili ɗaya ya koma wutsiyar mazaɓu uku da ƙuri'un wajen gari suka fi yawa a cikinsu. Mai matsalar fansho ko takardun shige da fice, wanda ofishin wakili ke taimaka wa, sai ya fara binciken wane ne nasa.

Babban tasirin yana kan inda ake yanke hukunci. A 2024 kujerun da tazararsu ba ta kai kashi 5 ba ba su kai 50 cikin 435 ba. A sauran, zaɓen fid da gwani ne zaɓen gaske, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar ke fitowa, galibi masu tsananin kishin jam'iyya. Wakilin da ke irin wannan kujera ya fi tsoron a ce ya yi sassauci da a ce bai yi aiki ba. A majalisun jihohi, a zaɓuka da dama na baya-bayan nan fiye da kashi ɗaya cikin uku na kujeru ɗaya daga manyan jam'iyyun ba ta ma tsayar da kowa. Majalisar da ba ta tsoron faɗuwa kuma na iya yin abin da ta ga dama: a Disambar 2018 ta Wisconsin ta rage ikon gwamna Tony Evers tun bai kama aiki ba.

Alƙaluman yanke ƙauna a bayyane suke. Bayanan da cibiyar bincike ta Pew ta tattara sun nuna kashi 77 na Amurkawa sun amince da gwamnatin tarayya a 1964, kashi 16 a 2023. Cibiyar jin ra'ayin jama'a ta Gallup ta auna masu yaba wa majalisar tarayya a kashi 9 a Nuwambar 2013, amma fiye da kashi 90 na wakilan da suka sake tsayawa kan koma kujerunsu.

Sai dai ɗora wannan duka a kan taswira kuskure ne. Amincewa da gwamnati ta fara zubewa tun zamanin yaƙin Vietnam da badaƙalar Watergate, tun kafin manhajar zane. Majalisar dattawa, wadda jiha sukutum ke zaɓa babu layin da za a karkata, ta rabu gida biyu kamar ta wakilai. Masu raba ƙuri'arsu tsakanin jam'iyyu sun yi ƙaranci, har a 2024 mazaɓu 16 kacal suka zaɓi shugaban ƙasa daga wata jam'iyya, wakili daga wata. Kuma waɗanda suka dawo daga rakiyar 'yan siyasa ba duka suka zauna a gida ba: fitowa a zaɓen rabin wa'adin shugaban ƙasa ta tashi daga kusan kashi 37 a 2014 zuwa kusan 50 a 2018, shekarar da masu zaɓe a Michigan, Colorado, Missouri da Utah suka amince da gyaran shata mazaɓu, biyu daga cikinsu jihohin da Trump ya ci da babbar tazara. Na Missouri bai kai ga zana taswira ko ɗaya ba. Majalisar jihar ta kawo wata ƙuri'ar raba gardamar a 2020, aka warware shi da tazarar kusan kashi 2.